Karyar da ta haifi biyu naƙuda ta tsaya: amsa ga Malam mai tambaya

Malam, sannu da jinya. Ka ce karyarka ta haifi ƴaƴa biyu da asuba, har azahar ba ta ƙara ba alhali ciki bai sace ba, kuma wani ya ce ka sayo allurar naƙuda irin wadda ake yi wa awaki. Don Allah kada ka yi mata allurar nan. Ɗauke ta yanzu ka kai wa likitan dabbobi, sauran bayanin ka karanta a hanya.

Na daɗe ina kiwon karnukan gadi a nan Maraɗi, kuma yawancin asarar da na gani a hannun abokan kiwo allurar naƙudar nan, wato oksitosin, ce ta jawo ta. Aikinta a naƙuda kawai matse mahaifa. In hanya a buɗe take, sai ɗa ya fito. In kuwa kwikwiyo ya gitta ko kansa ya fi ƙugun uwar, mahaifa za ta yi ta matsa a kan abin da ba zai wuce ba, mabiyiya ta saki ƴaƴan da ke ciki su mutu, wani lokaci mahaifar ta yage. Shi ya sa likita sai ya sa safar hannu ya taɓa, in akwai na'ura ya ɗauki hoton ciki, kafin ya ɗauko sirinji. Kuma sau da yawa kalsiyom, sinadarin da ke ƙara wa mahaifa ƙarfin matsa, yake fara sa mata ta jijiya, a hankali, yana sauraren zuciya, don gajiyar mahaifa ita ce ta fi tsayar da naƙudar karya. In sukarin jini ya faɗi ya ƙara mata.

A wannan harka agogo ake bi. Karya takan ɗauki ciki wajen kwana 63. Zafin jikinta 38 zuwa 39 ne, in ya sauko kusa da 37 to cikin kwana guda za ta fara. Haki da tonon ƙasa da ƙin abinci na awa 6 zuwa 12 ba komai ba ne. Amma nishi mai ƙarfi na minti 30 babu ɗa, ko hutun da ya zarce awa 2 zuwa 4 ga sauran ƴaƴa a ciki, wannan matsala ce, kuma taka ta wuce nan. Koren ruwa bayan ɗan fari ba abin tsoro ba ne. In ya riga ɗan fari fitowa, mabiyiya ta rabu ke nan, sai a yi sauri.

Faɗa wa likita wane kare ya hau ta. Karnukanmu na gida da na mafarauta da wuya su sha wahalar haihuwa. Abin ya yawaita ne tun da aka shiga yayin haɗa ƙaramar karya da ƙaton kare ɗan Jamus don a sayar da ƴaƴan da tsada, abin da ni ban taɓa ganin hikimarsa ba. In babur ko mota ta taɓa buge ta a ƙugu, ko da ta warke tuntuni, shi ma ka faɗa, ƙashin kan haɗe a tsuke.

In a hanya ka ga kwikwiyo ya leƙo ya maƙale, kama shi da tsumma mai tsabta ka ja ƙasa wajen ƙafafunta a hankali, sai lokacin da take nishi. Wani ya riƙe mata kai, karya mai ciwo tana cizon maigidanta. Fitowa ta ƙafafun baya ba laifi ba ne a kare. Yage ledar da ke fuskarsa, share hanci, goge shi da ƙarfi har ya yi kuka.

In likita ya ce tiyata, kada ka tsaya jiran gobe, fiye da rabin irin wannan naƙuda a can take ƙarewa. Tafi da ƴaƴan biyu cikin kwali mai tsumma don su sha nonon fari da zarar ta farfaɗo, kada ka bar su a rana. Ka kira likitan tun kafin ka tashi, ka tambaya ko yana da kayan aikin kare, don likitocinmu da yawa shanu da tumaki suka fi dubawa.