Amsa ga mai neman aikin manhaja a Jamus: bambancin obalodin da obarayidin

Ɗan'uwa, wasiƙarka ta iso ni. Ka ce ka kammala karatu a Jamus, kana cikin wa'adin wata 18 da ake ba wanda ya gama jami'a don ya nemi aiki, kuma har sau biyu an tambaye ka a intabiyu bambancin obalodin (overloading) da obarayidin (overriding) a yaren rubuta manhaja na Java, amsar ta kakare maka. Da yake kwantiragin aiki ne zai ba ka damar sauya takardar zamanka, bai kamata tambayar nan ta sake tsayar da kai ba.

Obalodin shi ne metod da yawa (metod shi ne tarin umarni mai suna da ake kira don ya yi wani aiki) su yi tarayya a suna ɗaya, amma abin da suke karɓa ya bambanta a adadi ko nau'i, kamar println, mai buga abu a allo, da ke karɓar lamba ko rubutu. Kompaila, wato mai fassara abin da ka rubuta zuwa sigar da na'ura ke gudanarwa, shi ne ke zaɓen wanda za a kira tun kafin shirin ya fara gudana, kuma bambancin abin da metod ke mayarwa shi kaɗai bai wadatar ba.

Obarayidin kuwa ba ya yiwuwa sai da gado, wato wani aji (class) ya gaji metod ɗin wani ajin. Ɗauki manhajar da kake aika wa iyayenka kuɗi da ita: ajin uba yana da metod mai lissafa ladan aikawa, sai ajin ɗa na banki da ajin ɗa na asusun waya kowanne ya sake rubuta shi yadda ya dace da shi, da suna ɗaya da abin karɓa iri ɗaya. A nan sai shirin yana gudana ake duba ainihin abin da ke hannu, ko da an ajiye shi da sunan uba. A ganina, lokacin yanke hukuncin nan shi ne abin da mai tambayarka yake son ji.

Tarkon da nake so ka gwada da hannunka yana cikin equals, metod ɗin da ke duba ko abubuwa biyu daidai suke. Idan ka rubuta shi yana karɓar ajinka maimakon Object, uban dukkan azuzuwa a Java, obalodin ka yi ba ka sani ba, kuma HashSet, ma'ajin da ba ya karɓar abu ɗaya sau biyu, ba zai kira naka ba, sai ka tarar da abu ɗaya ya shiga sau biyu. Alamar @Override, wadda ta zo da Java 5 a 2004, ita ce ke sa kompaila ya kama wannan kuskure, don haka kada ka bar ta. Ka kuma tuna cewa metod mai final ko private ko static ba a yi masa obarayidin, kuma idan kamfanin C++ ko C# yake amfani da shi, sai uban ya sa kalmar virtual kafin na ɗan ya maye gurbinsa.