Mai tayil ya ɓata min banɗaki ya bar aikin kicin rabi: ina mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gaya. Bayan Babbar Sallah na ba wani mai tayil jingar kicin da banɗakin sashen da nake gyarawa. Mun daidaita a kan N150,000 kuɗin aiki, na ba shi N100,000 kafin alƙalami, sannan na tura masa N400,000 ya sayo tayil da siminti a Ƙofar Ruwa. Ba mu rubuta komai ba, da baki muka yi a gaban maƙwabcina. Ya gama banɗaki, ya yi ƙasan kicin, ya bar bangon rabi ya kama wani aikin. Yanzu ba ya ɗaga wayata sai ya ga dama. Banɗakin kuwa in an yi wanka ruwan kwanciya yake a bakin ƙofa, wasu tayil ɗin ma sun fara ɗagowa. Bai kawo min rasit ba. Injin yankan tayil ɗinsa yana gidana. Ƙanena ya ce in haɗa shi da 'yan sanda, wani kuma ya ce in sayar da injin in rage asara. Me doka ta ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Kana da haƙƙi a kan mutumin nan, kuma rashin takarda bai kashe shi ba. Jingar aiki irin wannan tana ƙulluwa da baki, a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa baki ɗaya. Wahalar maganar baka ita ce tabbatar da ita ranar da ɗaya ya musa, don haka aikinka na farko shi ne tsare hujja.

Kada ka fasa tayil ko ɗaya tukuna. Na san zuciya za ta so a kira wani ya ɓamɓare a huta, amma banɗakin nan a yadda yake shi ne babban shaidarka. Nemo wani mai tayil da aka san shi da iya aiki, wanda ba shi da wata jiƙaƙƙiya da na farkon, ka haɗa da mai unguwa ko wakilinsa da wani dattijo. A gabansu a sheƙa bokitin ruwa a tsakiyar banɗakin, a ɗauki bidiyo har ruwan ya je ya taru a bakin ƙofa. A bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya zauna a kan siminti sosai ƙararsa a toshe take, wanda ƙarƙashinsa rami ne kuwa zai yi amo kamar an buga ƙwarya. A sa wa waɗannan alama da alli a ƙirga su. In an ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda suka saki, sau da yawa za a tarar an ɗiga siminti ne a kusurwa huɗu da tsakiya, an bar sauran fili wayam. A ɗauki hoton wannan ma. Daga nan sabon mai tayil ɗin ya rubuta maka abin da gyaran banɗaki da ƙarasa kicin za su ci, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, ya sa hannu da kwanan wata.

Je banki ka karɓo takardar bayanan asusunka da ke nuna N400,000 ɗin da sunan wanda ya karɓa. Saƙonnin murya na WhatsApp da ke tsakaninku kada ka goge ko ɗaya, kada kuma ka rabu da wayar. Maƙwabcin naka ka tuna masa zancen tun yanzu, kafin ya fara mantuwa da adadin. Shaidarsa na da nauyi, domin a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa ko ta mata ga mijinta, amma a rigimar dukiya ana iya yanke hukunci da shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai ƙara.

Akwai abin da zai iya kawowa don kare kansa, gara ka shirya masa. Zai ce birkila ne ya yi daɓen ba gangare, ko mai aikin famfo ne ya ɗaga bakin magudana. Wannan ba ya wanke shi kai tsaye. Wanda ya karɓi aiki a matsayin gwani, an ɗauka zai yi shi yadda masu sana'ar suka saba, kuma fitar da gangaren ruwa a banɗaki yana cikin abin da ake biyan mai tayil dominsa. In ya ga daɓen bai yi ba, wajibinsa ne ya faɗa kafin ya ɗora tayil. Sashe na 130 na dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ma ya ce wanda ya yi aikin da bai kai ingancin da ake tsammani ba, ko dai ya gyara ko ya mayar da wani kaso na kuɗin. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: ya taɓa ce maka a ƙara siminti ko a sake daɓen, kai kuma ka ce a lallaɓa haka saboda kuɗi? In hakan ta faru, wani ɓangare na laifin ya dawo kanka, kuma alƙali zai rage abin da zai ba ka.

Sai lissafi, wanda a nan ne mutane suka fi ɓata ƙararsu. Ba za a ce ya dawo maka da N500,000 duka ba, alhali ƙasan kicin na nan lafiya kana takawa. Abin da doka ke nufi shi ne a kai ka inda da ka kasance in da ya cika alkawari. Misali, a ce sabon mai tayil ya ƙiyasta gyara da ƙarasawa a kan N210,000. Akwai N50,000 na cikon jinga da ke hannunka, wanda dama za ka biya in da an gama. Cire shi, saura N160,000. Wannan ne abin da za ka nema a kan lalacewar aiki. Kada kuma ka ci gaba da wanka a wurin ruwa na jiƙa gindin bango wata da watanni, sannan ka ce shi zai biya gyaran bangon. Da zarar ka tsare hujja, a daina amfani da banɗakin har a gyara.

Kuɗin kaya magana ce daban, kuma ita ta fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka. Da ka ba shi N400,000 ya sayo maka kaya, ya zama wakilinka, kuɗin amana ne a hannunsa, dole ya kawo bayanin yadda ya kashe su. Ƙirga kwalayen da suka shigo gidan, ka duba girma da sunan kamfanin da ke jikinsu, ka tambayi farashinsu a Ƙofar Ruwa a lokacin da aka saya. In kayan N320,000 ya kawo har da kuɗin mota, to N80,000 naka ne, ka ɗora a kan abin da kake bi.

Shawarar ƙanenka ban goyi bayanta ba. Sashe na 32(2) na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Kotuna sun sha cin tarar waɗanda suka yi amfani da 'yan sanda wajen karɓar bashi, ka ga sai mai gaskiya ya koma shi ke biyan diyya. Inda hukuma za ta iya shiga shi ne in ta tabbata ya karkatar da kuɗin kayan da gangan ya yi hidimar gabansa, domin wannan na iya zama cin amana a ƙarƙashin sashe na 311 da 312 na kundin dokar laifuffuka, wato Penal Code. Rashin rasit kaɗai bai isa a kira mutum maci amana ba, sai lissafi ya nuna.

Injin ma kada ka sayar. Bai ba ka shi jingina ba, barinsa ya yi a gidanka, don haka ajiya ce. Ranar da ka sayar, ka miƙa masa ƙarar da zai kai ka, kuma da injin nan yake neman abin da zai biya ka. Kai shi wurin mai unguwa a gaban shaidu, a sanar da mai shi. Wannan kansa yakan jawo mutum ya zo a zauna.

Kafin zaman, rubuta masa takarda gajera da Hausa: abin da kuka yi alkawari, abin da ka biya, aibin da aka gani, da wa'adin kwana 14 ya zo ya gyara ya ƙarasa ko ya biya. A ba shi hannu da hannu ta wurin wanda zai iya shaida, ka tura hotonta ta WhatsApp, ka riƙe kwafi. Ba shi damar gyara na ƙarfafa matsayinka, domin alƙali zai tambaya ko ka neme shi kafin ka kira wani. In yana da maigidan da ya koya masa aiki ko shugaban masu sana'arsu, a sa shi a ciki, sukan ji nauyin waɗannan fiye da takardar lauya. Dagaci ko ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma ma suna yin sulhu. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, da adadi da ranakun biya, kowa ya sa hannu. Ni dai a kuɗi irin wannan na fi son ka karɓi biya kashi-kashi a rubuce da ka shekara kana kashe kuɗin mota zuwa kotu.

In sulhu ya ƙi, kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ita ce mafi kusa da sauƙi in dukkanku Musulmi ne. Ba dole sai da lauya ba. Za ka je wurin rajistara ka faɗi da'awarka, ka biya kuɗin shigar da ƙara ka karɓi rasit, a kai masa sammaci. Kana iya roƙon kotu ta zo ta gane wa idonta banɗakin, ko ta turo masanin aikin. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da Kano ta buɗe a 2019 a wasu kotunan majistare, sai dai ta fi dacewa da bashin da adadinsa ya fito fili, kamar in ya sa hannu a takardar sulhu cewa zai biya N160,000 sannan ya ƙi.

Wanda zai yi maka gyaran kuma, ku rubuta a takarda ɗaya: yawan mitar da za a yi, irin tayil da girmansa, wa zai sayo kaya, ranar gamawa, da sharaɗin cewa ruwa zai bi magudana. Kayan ka je da shi kasuwa ka biya da hannunka. Kuɗin aikin ka raba shi uku, kason ƙarshe kuma ya zauna a wurinka sai an yi mako guda ana wanka a banɗakin.