An gina gidan hutu kusa da gonata, dillali ya ce in sayar kafin a ƙwace

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina da gonar gado a ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da madatsar ruwa ta Kangimi. Bara wani attajiri ya saye gonakin da ke gabas da ni ya zagaye da katanga, yana gina gidan hutu har da wurin ninkaya. Katangar ta toshe hanyar da muke bi da amalanke zuwa fadama. Yanzu dillali ya zo sau uku, wai mutumin yana da C of O (takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati), gara in karɓi abin da aka ba ni kafin gwamnati ta ƙwace a banza. Wallahi barci ya gagare ni.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kowace takarda, ko da an ce maka ta "shaidar maƙwabtaka" ce kawai.

Wannan magana ta "mai C of O ya fi ƙarfin kowa" na gaji da jin ta. Kusan kowane mako sai wani dattijo ya shigo ofishina da takarda a ninke cikin leda, ya riga ya sayar da gonar kakanninsa a kuɗin babur, saboda wani mai neman la'ada ya tsorata shi. Ƙarya ce tsagwaronta. C of O shaida ce a kan filin da aka auna aka zana a jikinta, iyakarta ke nan. Ba ta tsallaka katanga ta haɗiye gonar maƙwabci. Ko da ma an zana taka a ciki, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, cewa takardar ba ta shafe haƙƙin wanda ya riga ya mallaki wurin. Sashe na 36 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya amince da wanda ke noma ƙasar karkara tun kafin dokar, tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi.

Batun ƙwacewa kuwa, gwamna na da ikon soke haƙƙin mallaka a ƙarƙashin sashe na 28, amma don amfanin jama'a: titi, asibiti, makaranta da makamantansu. Kuma sai an kawo maka sanarwa a rubuce, an biya diyyar amfanin gona, itatuwa da gini. Wurin da mutum zai zo daga Abuja ya sha iska ranar Asabar ba amfanin jama'a ba ne. Ka tambayi dillalin: in da gaske za a karɓe ta kyauta, me ya sa maigidansa ke rawar jiki zai biya kuɗi? Za ka ga ya fara sosa ƙeya.

Sai dai ku ma manoma kuna da naku sakacin. Iyakarku ɗorawa ce da tsohuwar kuka da "kowa ya sani". Ran da katafila ta ture ɗorawar, shaidar ta tafi. Takardar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta nuna faɗi da tsawo. Ka tara magada, ku ɗauko safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka, sannan ku buɗe fayil a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna. Za a sa ku zirga-zirga, "dawo gobe" ba za ta ƙare da wuri ba, na sani. Ku daure.

Hanyar fadama ita ce ta fi gaggawa. Ka ɗauki hotonta yanzu, tun sawun amalanke bai ɓace ba, ka samo dattawa biyu ko uku da suka san ta tun suna yara. Ku rubuta wa dagaci da hakimi, kwafi zuwa KASUPDA, hukumar da ke ba da izinin gini a jihar, ku nemi a duba ko izinin ginin ya yarda a rufe ta. Kada yara su taɓa katangar, nan take magana za ta koma ta 'yan sanda. Sau da yawa mai gidan bai ma san da hanyar ba, ɗan kwangila ne ya ja layinsa. Ka kuma duba inda bututun wurin ninkayar ya fuskanta tun kafin damina, domin ruwan da aka zuba wa sinadarin kulorin in ya malala cikin fadama, tumatir da albasa ne za su fara nunawa.