Wa ake ba adireshin imel na asali, wa ake ba na laƙabi?

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya ko ya dace mutum ya riƙa ba da adireshin imel na laƙabi, wato wani adireshi na daban da ke tura saƙo zuwa akwatinsa, a maimakon nasa na asali, ko hakan ba yaudara ba ne, tunda ka ce abokinka ya ji haushi da ya gano irin shi ka ba shi. Toh bari in fara da abokin naka, shi kam yana da gaskiyarsa. Mutumin da kuke zumunci, ɗan uwa ko aboki ko malaminka, adireshin asali ake ba shi, don laƙabi abu ne da aka yi shi domin ranar da za a rufe shi, kaga kuwa duk wanda ka miƙa wa shi kamar ka ce masa ina shirin ranar da zan daina sauraronka ne. Ka ba shi haƙuri ka tura masa na asalin.

Amma batun yaudara, a'a, babu ita ko kaɗan. Saƙon ai yana isowa wurinka, kai ne kake karantawa kai ne kake amsawa, ba sunan wani ka ɗauka ba. Kamar akwatin gidan waya ne da mutane suka daɗe suna amfani da shi, wasiƙa na zuwa hannun mai ita ba tare da mai aikowa ya san ƙofar gidansa ba, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Kamfani da ya ce sai ka sa imel kafin ka sauke manhaja ko ka samu rangwame, abin da yake da haƙƙi a kai shi ne hanyar da zai same ka, shikenan.

Dalilin da ya sa nake dagewa a kan haka, adireshinka na asali ba wurin karɓar saƙo kaɗai ba ne, shi ne makullin komai. Ka manta fasawod ɗin Facebook can za a turo maka, na banki ma haka, na wurin aiki haka. Kuma kamfanoni ana yi musu kutse, manya ma ba su tsira ba, Yahoo an shiga rumbunsu a 2013, sai a 2017 suka fito suka ce duka akawun biliyan 3 abin ya shafa. Akwai shafin Have I Been Pwned da Troy Hunt ɗan Ostireliya ya buɗe a 2013, ka sa adireshinka a ciki zai nuna maka wuraren da bayananka suka yoyo, gwada ka gani, gabanka sai ya faɗi.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Kana buɗe laƙabi ɗaya ga kowane shafi, na kantin intanet daban, na jarida daban, duk suna zubowa cikin akwatinka guda. Ranar da ka ga tallan maganin ƙarfi ko saƙon wai ka ci kyauta ya shigo ta laƙabin da kantin takalma kaɗai ka ba, ba sai ka yi dogon bincike ba, ka san ta inda aka sayar da kai ko aka sace, sai ka kashe wannan ɗin kawai sauran na nan lafiya. Ni wannan ne ma ya fi burge ni, sanin ta inda ɓarnar ta fito.

Yanzu ka ce kana amfani da dabarar Gmail ta alamar tarawa, wato sunanka+kanti@gmail.com. Tana da amfani wajen rarraba saƙonni, amma kada ka ɗauka ta ɓoye ka, sunanka na nan tsirara kafin alamar, duk mai wayo zai goge abin da ke bayanta ya samu na asalin. Sa ɗigo a tsakiyar sunan ma haka, Gmail ba ya ƙirga shi. In ɓoyewa kake so sai masu yin abin da gaske: Firefox Relay na Mozilla, ko na DuckDuckGo mai ƙarewa da duck.com wanda har yana cire 'yan abubuwan leƙen asirin da ake cusawa cikin saƙo don a san ka buɗe, ko SimpleLogin da Proton suka saya a 2022, masu iPhone kuma suna da Hide My Email in suna biyan iCloud+. Irin su SimpleLogin ko amsa ka yi ta laƙabin take fita, wancan ɓangaren ba zai ga na asalin ba, sai dai ka lura da sa hannun da ke ƙasan saƙonka, wasu sun rubuta cikakken adireshinsu da lambar waya a wurin sun manta, sai su tona wa kansu asiri.

Inda nake so ka yi hattara shi ne wuraren da in ka rasa su ka shiga uku, banki, hukuma, makaranta, neman aiki. Kada ka jingina su da laƙabin wani kamfani da zai iya rufewa gobe ko ka daina biyansa, in ya tafi ya tafi da hanyar dawo da fasawod ɗinka. Ko dai ka ba su na asali, ko ka buɗe musu wani akwatin daban da ba ka yawo da shi. Takardar neman aiki kuwa da adireshi mai haruffa barkatai bai yi kyan gani ba sam. Wasu shafukan ma ƙin karɓar laƙabin suke yi, in ka ci karo da irinsu kada ka ɓata lokaci kana ja.

Kuma kafin ka goge kowane laƙabi ka tabbata ba wani akawun da ke rataye da shi, gara ka dakatar da shi tukuna, ana iya kunna shi daga baya. Ka riƙa rubuta wa kowanne sunan shafin da ka ba, don in sun yi yawa ba za ka tuna ba.

Ka gaida mutan gida.

Kawunka