Mace a Kujerar Kansila: Zai Taɓa Kasafin Ƙaramar Hukuma?

Tambaya: Ni shugabar wata ƙungiyar mata ce a Argungu. Ana ta ce mana mu tsayar da mace takarar kansila. Shin hakan zai sa a kashe kuɗin ƙaramar hukuma kan abin da ya dame mu, ko dai ado ne kawai?

Amsa: Hajiya, yana sawa, amma da sharaɗi. A Indiya, gyaran tsarin mulki na 1992 ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da shugabancinsu. Da masana suka bi diddigi a jihohin Bengal ta Yamma da Rajastan, sai suka tarar majalisun da mata ke jagoranta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha, abin da matan suka fi kuka da shi. Ki lura, ragama aka damƙa musu.

A nan gida, ƙananan hukumomi 774, ciki har da 21 na Kebbi, suna raba kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Albashin ma'aikata da na malaman firamare ke cinye mafi yawa, ragowar ake kokawa a kai. Shugaban ƙaramar hukuma da ma'aji da shugabannin sassa ke tsara kasafi, kansiloli su amince. Mace ɗaya cikin kansiloli goma ko fiye, idan ta jira ranar amincewa, ta makara.

Don haka tun kafin ƙarshen shekara, ta kai wa sashen ayyuka da na lafiya takarda: rijiyar burtsatse kaza a unguwa kaza ta lalace, ga abin da mai gyara ya yanka, asibitin mazaɓa ba ungozoma da dare. Ta dage a ware kuɗin gyara daban, domin an fi son sabon aiki mai bikin buɗewa, ranar da famfo ya ƙone kuwa sai mata su koma rafi.

Inda aka fi yaudarar mata shi ne a ba su harkokin mata kaɗai, a raba kekunan ɗinki a tashi. Ku nemi jam'iyya ta yi alƙawarin kujerar kansila mai kula da lafiya ko ayyuka, wadda shugaba ke naɗawa.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa rabon kowane wata, ku riƙa duba na Argungu kafin kowane zama.