Amsa ga mai tambayar rabon gado a Crusader Kings III

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka a kan Crusader Kings III, wasan kwamfutar nan da mutum ke tafiyar da gidan sarauta daga sarki zuwa magajinsa, tun jiya da dare, sai yanzu na samu zama. Ka ce sarkinka mai tausayi ne da adalci, ya tsufa, 'ya'yansa maza huɗu, kuma in ya rasu ƙasar za ta rabu gida huɗu. Ka ce duk bidiyon da ka kalla a YouTube shawara ɗaya ake ba ka, wato ka cire uku daga gado ko ka tura su yaƙin da ba za su dawo ba, amma zuciyarka ta ƙi. Kana so ka ji wanne ya fi: bin halin sarki ko bin dabarar da ta fi kawo nasara.

Ni ma na sha tsayawa a wannan mararraba. Tun 2020 da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan nake bugawa, kuma a farko ni ɗan lissafi ne na gani-kashe-ni. Ba na aurar da magaji sai ga mace mai baiwar kaifin basira, ko da kuwa baƙauya ce daga ƙarshen duniya. Yaro ya taso da hali maras kyau, na zare shi. Cikin ƙarni biyu na wasan taswira ta zama kala ɗaya, ba mai iya ja da ni. Sai na wayi gari ba na ko sha'awar buɗe kwamfutar. Ka tambaye ni sunan sarki na huɗu a wannan gida, wallahi ba zan iya tunawa ba, don ban taɓa kallonsa a matsayin mutum ba. Soren Johnson, wanda ya jagoranci tsara wasan kwamfuta na Civilization IV, ya taɓa rubuta cewa in dai aka ba 'yan wasa dama, sai sun bi hanyar ƙwarewa har sun kashe daɗin wasan da hannunsu. Abin da ya same ni ke nan.

Wanda ya saba dara zai gane bambancin. A dara ba ruwanka da halin 'ya'yanka goma sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin karawa, shi ke nan. Wannan wasa kuwa ba haka aka gina shi ba. Agogon wasan yana tsayawa a shekarar 1453, ba wanda zai miƙa maka kofi. Kuma masu wasan da gangan suka saka ma'aunin damuwa: mai tausayi ya ƙulla makircin kisa ko ya sa a zartar da hukuncin kisa, damuwarsa ta hau. Ta kai 100 hankalinsa ya taɓu, ya faɗa shaye-shaye ko ya kulle kansa a ɗaki ko ya zama mai saurin fushi. Ta kai 300 kuwa har rai tana iya ci. To ka ga shi kansa lissafin yana ce maka hali yana da farashi.

Abin da ya canza mini wasan shi ne ranar da na fara da Daurama ta Daura a shekarar 867. E, tana cikin wasan, ita da mijinta Bayajidda, har an sa ta cikin mutanen da ake nuna wa ɗan wasa a shafin farko. Ganin sunan Daura da Kano da Katsina a taswira ya sa na ji ba zan iya yi wa wannan gida wasan ganganci ba. Kafin na saki agogo na ɗauki biro na rubuta a bayan wata takarda abubuwa uku da gidan ba zai taɓa yi ba: ba kashe ɗan'uwa na jini, ba cire ɗa daga gado sai in ya yi tawaye, ba komawa ga tsohon ajiyayyen wasa in abu ya ɓaci. Na liƙa takardar a gefen allon. Duk abin da ba ya cikin ukun nan kuwa, na buga shi da iyakar wayona. Na zaɓi 'yan majalisa da cancanta, na lissafa mayaƙa kafin kowane hari, na ƙulla aure don ƙawance ba kunya.

A jika na biyu abin da kake tsoro ya faɗo mini. Tsohon sarki ya rasu ya bar maza uku, ƙasar da na yi dare biyar ina haɗawa ta tsage. Na zauna ina kallon allon, hannuna a kan madannin da zai mayar da ni baya, takardar nan tana kallona. Na bari. Ƙanin da ya samu yankin gabas ya haɗa kai da maƙwabci ya far mini, na sha kashi a karon farko, na rasa gari biyu. Sai da na yi kusan shekara ashirin na wasan ina tara dukiya da neman ƙawaye kafin na kama shi. Da ya shigo hannu, sarkin nawa mai yafiya ne, don haka na sake shi na mayar masa da gari ɗaya. Ɗan wannan ƙanin ne daga baya ya riƙe mini rundunar yaƙi har tsufansa. Yau shekaru sun wuce amma ina iya zana maka wannan yaƙi a ƙasa da tsinke.

Akwai wata lambar yabo da ake samu in ka fara da Daurama, ka gyara addinin gargajiya ka yaɗa shi a Afirka baki ɗaya. Ban bi ta ba. Da malamai da fatake suka fara zuwa mini a zuci a labarin da nake ginawa, sai na musuluntar da gidan, duk da na san lambar ta tafi ke nan. Ban yi nadama ba.

Yanzu ga naka. Kada ka ɗauka cewa bin hali yana nufin ka naɗe hannu. Tsarin gadon farkon wasa yana raba manyan sarautu masu daraja ɗaya tsakanin 'ya'ya, har ma ya ƙirƙiri waɗanda kake da ƙasar da ta isa a kafa su. Nan ne ƙwarewa take aiki. In babbar sarautarka ɗaya ce tak kuma ta fi sauran daraja, to babban ɗa zai gaje ta, ƙannensa su zama hakimai a ƙarƙashinsa, ba su ɓalle ba. Saboda haka ka duba: in kana dab da mallakar ƙasar da ta isa masarauta ta biyu, ka dakata da faɗaɗa ta can. Ka ci ƙananan yankuna a cikin iyakar masarautarka ka raba wa ƙannen tun kana raye, don su bar wa magaji babban birni da garuruwan da ke kewaye da shi. Ka tara masa zinariya, domin shekarun farkon sabon sarki su ne na tawaye, kuma kuɗi ke hayar mayaƙa. Uba mai adalci ai haka zai yi, ya sallami kowa tun da ransa. In ma ƙasar ta rabu, magajin yana da haƙƙin neman sarautun 'yan'uwansa, ƙofa ba ta rufe ba.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. In wasan haɗaka kuke yi da abokai, ku yi magana tun farko. Mutum ɗaya mai bin lissafi zalla zai haɗiye masu bin labari huɗu kafin la'asar, kuma daga nan ake fara ɓacin rai.

Turo mana hoton shafin gadonka da na taswirar masarautu, ka faɗi shekarun sarkin da yawan zinariyar da ke baitulmali. In na dawo daga sallar isha'i zan duba in nuna maka yankin da ya kamata kowane ɗa ya samu.