Mota sabuwa ko ta hannu? Ku daina cewa "in dai inji da giya lafiya, sauran gyara ne"

Tambaya:

Assalamu alaikum Oga. Don Allah shawara nake nema. Shekara huɗu kenan ina tari don in sayi motata ta farko, yanzu Allah ya sa kuɗin sun ɗan taru. In na haɗa da bashi zan iya ɗaukar sabuwa dal amma ƙarama, in kuma ta hannu ce zan samu babba ba tare da na ci bashin kowa ba. Akwai wata da dillali ya nuna min, shekararta takwas, ba ta yi tafiya da yawa ba, injin nan kamar agogo, sai dai ya ce ta ɗan taɓa yin hatsari ta gaba amma an gyara. Yayana ya ce in dai inji da giya lafiya to sauran duk gyara ne, in biya kawai. Ni kuma tsorona iyali zan dinga ɗauka, mata da yara uku, kuma kuɗin nan in suka tafi ba ni da wasu. Wallahi ko barcin kirki ba na yi.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Tsoron nan naka yana kan hanya, kar ka bari kowa ya kunyata ka a kansa.

Maganar sabuwa da ta hannu ba ta da tsawo, bari in sallame ta da wuri. Sabuwa abin da kake saya a cikinta shi ne garanti, yawancin kamfanoni suna ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, da kuma sanin cewa ba wanda ya taɓa wahalar da ita kafin kai. Abin da kake biya kuma shi ne faɗuwar daraja, mafi yawan motoci suna zubar da wajen kashi 20 cikin 100 na kuɗinsu a shekarar farko kaɗai, ko da a rumfa ka ajiye ta. Mai kuɗi a hannu wanda zai riƙe mota shekara goma, sabuwa ta fi masa. Kai da sai ka ci bashi, ga yara uku, ba zan ce ka yi haka ba, don mota ba a ranar saye take gama cin kuɗi ba, ranar take farawa. Ka sayi ta hannu, kuma kar ka zuba duk abin da ka tara a kanta, ka rage kamar kashi 15 a gefe saboda taya da batir da birki da juyen mai, da bel ɗin taimin idan mai bel ce. Wannan kenan.

Amma wannan motar da aka nuna maka, da maganar da yayanka ya faɗa, su ne suka sa na ajiye aiki na zauna rubutu. Ba raina shi nake ba, Allah ya ƙara masa girma, kusan kullum sai na ji wannan maganar a bakin mutane masu hankali, har da 'yan uwana kanikawa. In dai inji da giya lafiya sauran gyara ne. Wallahi a juye aka ɗauki abin. Inji shi ne gyara, giya ita ce gyara, in inji ya buga a sauke a ɗora wani a kwana biyu mota ta koma titi, asarar kuɗi ce kawai. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne ƙashin motar, casis ɗinta, da kayan da aka sa mata don ranar hatsari. Inji mara kyau a gefen titi zai ajiye ka, casis mara kyau kuwa ranar da aka yi karo shi zai shigo muku ciki.

Mutane suna ganin jikin mota kamar gwangwani ne da aka rufe inji da shi. Gaban mota da bayanta da gangan aka ƙera su don su lanƙwashe ta wata hanya da aka lissafa, su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya kyam. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya yi wa dabarar rajista tun 1952, kuma yau ba motar kirki da ba a kan wannan tsarin aka yi ta ba. To waɗannan ƙarafan guda biyu da suka miƙe daga bayan bamba suka bi gefen inji, sau ɗaya suke aikinsu. In suka lanƙwashe sun gama. Abin da ya dace a cire a sa sabo bisa ma'aunin kamfani, amma me ake yi? A ɗaura sarƙa a jikin bishiya ko turke a ja, a hura wuta ƙarfe ya yi ja a bubbuga da guduma, a shafe da fila a fesa fenti, ta fito tana ƙyalli. Alhali ƙarfen motocin zamani, musamman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ƙarfe ne na musamman da zafi ke kashe masa ƙarfi, kamfanonin da kansu sun hana a gasa shi don miƙarwa. A ido ya miƙe, amma ranar da aka sake karo zai naɗe kamar kwali ko ya tsage a wurin waldar. Har akwai masu yanka mota biyu, gaban wannan da bayan waccan, su haɗa da walda a tsakiya su sayar wa bawan Allah ya zuba iyalinsa.

Sai maganar eyabag, jakar iskar nan, wadda ita ce ta fi ƙona min rai. Jakar nan tana buɗewa cikin ƙasa da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kuma ita ma sau ɗaya take aiki. In ta fashe dole a canza ta, a canza bel ɗin kujera don shi ma akwai abin da ke harbawa a cikinsa ya ɗaure mutum, a duba sensoshi, a gyara ko a canza kwamfutar da ke kula da su. Wannan aikin yana da tsada, shi ya sa masu neman riba ba sa yi. Ba zan manta wata mota da aka kawo min ba, mai ita ya saye ta bai fi wata biyu ba, hon ne ya daina yi ya ce a duba. Na kwance murfin sitiyari, abin da na tarar a ciki soso ne irin na katifa da wani tsumman riga an cusa don murfin ya cika ya yi tudu, an liƙe tsagar da gam an fesa baƙin fenti, a kan wayar nan mai ruwan ɗorawa kuma an maƙala ɗan razisto bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, an naɗe da salatif, shi ke yaudarar kwamfuta tana ganin kamar jakar tana nan. Ɓangaren fasinja ma haka, rami ne kawai a ƙarƙashin dashbod. Mutumin ya tsaya yana kallon tsumman nan a hannuna ya kasa magana, can ya ce min jiya-jiyan nan ya dawo daga doguwar tafiya da matarsa a gaba. Kuma injin motar nan lafiyarsa ƙalau, ko ɗigon mai ba ya yi.

Ga gwajin da za ka yi da kanka ba sai da kowa ba. Ka murɗa makulli fitilun dashbod su kawo amma kar ka tayar da inji, in mai dannawa ce ka danna ba tare da ka taka birki ba. Ka nemi fitilar eyabag, wani lokaci an rubuta SRS, wani lokaci hoton mutum ne da ƙwallo a gabansa. Dole ta kawo, ta yi kamar daƙiƙa 6, sannan ta mutu da kanta alhali fitilar mai da ta batir suna nan a kunne. In ba ta kawo ba sam, an cire ƙwan ko an toshe shi. In kuma ta ƙi mutuwa sai da ka tayar da inji suka mutu tare da fitilar mai a lokaci guda, to ka yi zargin an haɗa wayarsu ne, tsohuwar dabara ce. Ko ta ci wannan gwajin bai isa ba saboda razisto ɗin da na faɗa, sai an sa sikana, na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota, mai karanta ɓangaren eyabag, ba ƙaramar nan mai karanta inji kawai ba, kuma ka dubi murfin sitiyari da dashbod da kyau ko launinsu ya bambanta da sauran, ka ja kowane bel har ƙarshe ka sake shi ka ga ko yana komawa.

Daga nan lambar casis, VIN, haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, su zo daidai da juna da ta takarda. In motar daga Amurka ko Kanada ta fito ka ciro rahoton tarihinta a shafin Carfax ko AutoCheck da kanka, kar ka karɓi wanda dillali ya buga maka a takarda. Ka kuma rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan Copart ko IAA, kamfanonin gwanjon motocin da suka yi hatsari, suna fitowa, ka ga motar yadda take ranar da inshora ta sallama ta. Nan ne za ka san ma'anar "ta ɗan taɓa". Na sha ganin wadda aka ce bamba ce kawai, a hoto kuwa injin ya kusa shiga kujerar direba. Rahoton zai kuma nuna maka tafiyar da ta yi a baya, don lambar da ke dashbod a minti kaɗan ake mayar da ita, ni na fi yarda da cinyewar robar feda da sitiyari da kujerar direba. Da wannan lambar kuma ka duba ko motar tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda eyabag ɗin kamfanin Takata, a Amurka kaɗai wajen miliyan 67 aka kira, sinadarin da ke ciki zafi da laima suna lalata shi har ya tarwatsa gwangwaninsa ya watsa wa mutum ƙarfe a fuska, ya shafi Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW da wasu da yawa, kamfanin Takata ɗin ma ya durƙushe a 2017.

Sannan a ɗaga motar ko a hau rami da ita, da rana, da bakanikenka wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere tsaf, waldar hannu kuwa kamar tabon ƙuna take. Ku dubi notinan da suka riƙe fenda da bonet ko sifana ta taɓa cin fentinsu, ku dubi tazarar ƙofofi da bonet hagu da dama ko ɗaya ce, tayoyin gaba ko gefe ɗaya suke cinyewa. Ka ɗaga kafet ka shinshina, in ka ji warin ruma ko ka ga busasshen taɓo da tsatsa a ƙarƙashin kujera to ruwa ya taɓa cinye ta, wannan ko kyauta aka ba ka wahala ce.

Kar kuma ka ɗauka kalmar sabuwa ita kaɗai tana nufin tsaro. A 2020 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karon motoci ta gwara motoci biyu gaba da gaba, sabuwar Nissan NP300 ta 2019 irin wadda ake sayarwa a Afirka a lokacin, da Navara ta hannu ta 2015 irin ta Turai, sabuwar ce ta murƙushe, ta hannun ta kare direbanta. Don haka ko sabuwar ƙaramar ka koma wa, ka tambayi jakar iska nawa gare ta, tana da ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, tauraro nawa ta samu a gwajin karo.

'Yan uwana kanikawa da riwaya da fanel bita da dillalai, ku ji tsoron Allah. Wanda ya cusa tsumma a sitiyari ya san abin da ya yi, wanda ya maƙala razisto ya sani, wanda ya karɓi la'ada ya yi shiru shi ma ya sani. Ɓoye aibin kaya haramun ne ko da buhun hatsi ne, balle abin da rai ya rataya a kansa. Mai sayen bai san fuskarka ba, ya yarda da kai ne kawai ya ɗora 'ya'yansa, in wani abu ya faru a ce ƙaddara ce a yi ta'aziyya a watse, ba wanda zai buɗe sitiyarin ya gani, amma akwai wanda ya gani tun ranar da kake naɗa salatif ɗin. Ba laifi ba ne sayar da motar da ta yi hatsari, ka faɗi gaskiyar abin da ya same ta, ka nuna hoto, ka rage kuɗi, mai so ya saya da saninsa.

Kai kuma ƙanina, ban ce lallai motar nan ba ta da kyau ba, ban gan ta ba. In bamba ce da fitila da fenda kawai aka canza, casis bai motsa ba, jakunkunan iska na asali suna nan, ka saya, har ma ka nemi ragi saboda tarihin. Ka koma wurin dillalin ka ce masa abu uku kake so kafin maganar kuɗi, lambar casis, awa biyu da bakanikenka, da izinin sa sikana. Kar ka ba da kafin alƙalami kafin nan, ko ya ce maka wani na zuwa da kuɗi da yamma. In ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, ko maigidan ba ya son a taɓa masa mota, ka yi masa godiya ka tafi, ka je da yayanka ranar dubawar ma ya ga ƙarƙashin motar da idonsa. In ka samu rahoton da hotunan ka turo min in duba maka.